Gadoji Biyu na Mai Dalma

Ɗakin aikin Mai Dalma yana can bayan kwalejin koyon likitanci, inda ba a kai baƙi. Sai ka bi ta gefen ɗakin janareta, ka sauka 'yan matakala, daga nan hancinka zai ƙarasa da kai, don warin narkakkiyar dalma ya kama bangon har fenti ya gaji ya bar masa. Dogon tebur ne guda ɗaya a ciki, rabi nasa, rabi na Mai Gilashi, abokin zamansa mai hura kwalaben gwaje-gwaje. Shekara da shekaru suna raba teburin nan, kuma da wuya rana ta faɗi ba su yi cacar baki a kan wanda ya ɗauki filayar wani ba.

Ba karatu ne ya kawo shi kwalejin ba. Ubansa mai facin tukwane da bokitai ne, a gindinsa ya koyi riƙe ƙarfen liƙi tun hannunsa bai gama ƙwari ba. Daga bokiti ya koma fitila, daga fitila ya koma lagireton mota. Wata rana wani malamin kwalejin ya kawo masa zuciyar roba da ɗalibai suka yar ta rabe biyu, ya ce ko za ta gyaru. Ya gyara ta, ya kuma ƙara da mita, wai wanda ya ƙera ta bai san aiki ba, irin maƙalar da ya sa mata ko a ƙofar banɗaki ba za a sa ba. Malamin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya zo ranar Litinin. Zuwan da ya yi ke nan bai koma bakin titi ba.

Aikinsa shi ne, duk abin da ke cikin jikin mutum wanda ido ba ya kaiwa gare shi, malamai su zana masa a takarda, shi kuma ya tayar da shi tsaye da waya da tagulla da katako, ɗalibai su zagaya shi su taɓa. Ya yi ƙasusuwan cikin kunne kowanne kamar tafin hannu. Ya yi ƙoda mai buɗewa da rufewa. Mutum ne mai taurin kai, wallahi in ya kafe ko motar ɗaukar kaya ba ta ja shi. In zane bai fita ba, zai bi malami da tambaya daga ofis har bakin motarsa, har wasu in sun hango shi tafe da takarda sai su tuna suna da taro. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Abin da na ƙera ba ya ƙarya." Da wannan ya yi suna, da shi kuma ya sha zagi a bayan ido.

Matarsa ta rasu 'yarsu tana ƙarama. Haki ne ya fara mata, in ta hau bene ko ta yi shara sai ta dafa bango. Aka ce ƙarancin jini ne, aka ce asma ce, leɓunanta suka riƙa yin duhu, har aka rasa ta ba wanda ya iya ba ciwon suna. Bai sake aure ba. Yayarsa ce ta tattaro kayanta ta dawo gidan, ta zama Gwaggo ga yarinyar, ta zama masifa a gare shi, don ba ta taɓa yarda cewa ya girma ba.

Yarinyar kuwa a ɗakin aikin ta tashi. In an tashi makaranta sai ta zo ta haye kan wani kifaffen bokiti, ta zuba wa hannunsa ido, can sai ka ji ta ce, "Baba, nan ya karkace." Abin haushin, ya karkacen. Mai Gilashi ne ya laƙaba mata Manaja, sunan ya bi ta har girma. Da ta girma ta kama aiki a shagon tabarau, tana gyaran waɗanda suka karye, liƙinta siriri kamar gashi, sai ka kai shi haske kafin ka ga inda aka haɗa. Uban bai taɓa yaba mata a gabanta ba. Mai Gilashi ne ke shan labarin, har ya ce masa, "Kai dai ka faɗa mata mana, ni ka isa ni."

Ita ke kawo masa abincin rana in ta fito hutu. Rannan yana zaune sai ya ji takunta a matakala, ya ji ya tsaya, ya ji numfashi. Ƙarfen liƙi na hannunsa har ya ƙona katakon tebur bai sani ba. Ya san hakin nan. Ya kwana da shi a ɗaki ɗaya, ya ji yadda yake farawa da yadda yake ƙarewa. Ta shigo tana dariya, wai rana ce ta doke ta, shi kuwa leɓunanta kawai yake kallo.

Wannan karon likitoci sun ba ciwon suna: hawan jini na huhu. Jijiyoyin jinin da ke cikin huhu ne ke tsukewa, zuciya ta yi ta turawa ta ƙaramar hanya har ta gaji. Suka ce wani lokacin yana bin jini daga uwa zuwa 'ya. Suka ba ta ƙwayoyi, suka ce za a riƙa dubawa. Ba su ce za ta warke ba, shi ma bai tambaya ba, don tsoron amsar.

Ana cikin haka Farfesa ta sauko ɗakin da kanta, abin da ba ta saba ba. Mace ce mai kirki da saurin magana, mai koyar da sinadaran jiki, ba ta kuma san abin da ke faruwa a gidansa ba. An gina sabon zauren karatu, tana son babban abu da za a kafa a bakin ƙofarsa. Ta buɗe kwamfuta a kan teburin, wani ɗan lanƙwasasshen abu yana jujjuyawa a ciki.

"Baba, ga aikin da na kawo maka. Sunansa endotelin. Bangon jijiyoyinmu ne ke yin sa, kowa yana da shi. Ƙanƙane ne ƙwarai, amma a cikin abubuwan da ke matse jijiyar jini da wuya ka sami wanda ya fi shi ƙarfi."

Ta nuna masa da bakin biro. Ƙwayoyi ashirin da ɗaya ne a jere kamar an zura su a zare. Tsakiyar ta murɗe kamar sifirin, ƙarshen ya saki kamar wutsiya, wutsiyar kuma ba ta zama wuri ɗaya. Huɗu daga cikin ƙwayoyin suna da farar wuta, su ne ke kama juna biyu-biyu, ta farko da ta goma sha biyar, ta uku da ta goma sha ɗaya. Gadoji biyu ke nan, su ke ɗaure shi a siffarsa.

"Siffar ita ce komai," in ji ta. "Kamar ɗan makulli ne, da ita yake shiga ƙofarsa a jikin jijiya, jijiyar ta tsuke. Ka ga masu hawan jini na huhu, yana yawa a jikinsu. Wani maganin da ake ba su, ƙofar nan yake toshewa."

Mai Gilashi ya rage wutarsa a hankali bai ɗago ba. Mai Dalma ya zuba wa abin ido. Ashe abin yana da fuska! Tun rasuwar matarsa yake neman wanda zai ji haushinsa bai samu ba, yau ga shi yana juyi a gabansa kamar ba ruwansa. Da ƙyar ya ce, "Ranki ya daɗe, in babu gadojin fa?"

"Sai ya saki, ya rasa siffarsa. Ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, kusan ba abin da zai iya matsewa. Shi ya sa nake so gadojin su fito sosai, a yi musu launin rawaya."

Ya karɓi aikin, kuma bai taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba. Ya sassaƙa ƙwayoyin da katako, kowace kamar lemo, ya goge su har suna ɗaukar ido. Ya lanƙwasa sandar tagulla a jikin bututun ruwa ya fitar da murɗin tsakiya, ya warware ya sake, ya warware ya sake, sai da ya yi daidai da na kwamfutar ta kowace fuska. Wutsiyar ya yi mata gaɓoɓi sako-sako, tunda an ce ba ta zama wuri ɗaya, shi kuwa ba zai kafe abin da ba kafaffe ba. Ya ɗora shi a kan ƙafar ƙarfe, tsayinsa ya kai kafaɗar mutum. Ya sa masa suna Ɗan Matsi. Wutsiyar nan ita ta fara hana shi sakat. Ɗakin ba iska, tagar ba ta buɗuwa, amma in ya juya baya sai ya ji ƙwayoyin sun ɗan gogi juna, in ya waiwaya ya tarar tana lilo a hankali. Mai Gilashi ya ce girgizar janareta ce. Ya ce haka ne, amma daga ranar ya juya kujerarsa don kada ya ba ta baya.

Saura gadoji. Ya yi wa kowace ƙwaya mai rawaya ɗan hannu na tagulla, hannaye huɗu suna miƙa wa juna, tsakaninsu bai fi kaurin yatsa ba. Aikin da ya rage bai kai shan kofin shayi ba. Da hantsi ya ɗora ƙarfen liƙi ya yi zafi, ya kama hannaye biyu na gadar farko da filaya, ya matse su suka taɓa juna. Sai wayarsa ta yi ƙara. Gwaggo ce, tana ihu: Manaja ta yanke jiki ta faɗi a shago. Ya saki filayar, hannayen suka koma inda suke.

Kafin ya isa asibiti ta farfaɗo, har tana tsokanar ma'aikaciyar jinya wai tabaranta ya karkace. Mai shagon yana ta ba da labari, wai ɗan lokaci ne kawai, tana faɗuwa aka kira Gwaggo, ana gama kiran ta buɗe ido. Kowa ya yi hamdala. Shi kaɗai ya tsaya yana haɗa abin da bai kamata a haɗa ba: ya matse, ta faɗi, ya saki, ta tashi.

Kada wani ya ɗauka bai san shirme ba ne. Ya sani sarai. Shi ya sayo katakon, shi ya yanka tagullar, ya san ba komai a ciki sai fenti. Yana kai goshinsa ƙasa ya roƙi Allah ya cire masa wannan tunani, ya tashi tunanin na nan. In ya ce wa kansa, kai, tsoho da kai, sai wata murya ta ce, to in gaskiya ne fa? Wa zai gwada da 'yarsa? Washegari ya yayyaga tsohuwar riga, ya naɗe hannayen nan huɗu da tsumma, ya cusa wani a tsakaninsu ya ɗaure tamau, don ko da kuskure kada su taɓa juna. Daga ranar bai ƙara yarda ya ga abin da ke ƙarƙashin tsumman ba.

Mutumin da ya yi suna da ƙin ƙarya sai ga shi yana zabga ta ba ƙyaftawa. Yau dalmar da aka kawo ba ta da kyau. Gobe fenti bai bushe ba. Jibi ƙarfen liƙi ya lalace. Farfesa ta yi haƙuri har haƙurin ya fara ƙarewa. Shugaban sashen gyare-gyare kuwa ba shi da wannan haƙurin, ya leƙo ya ce, "Wannan ɗan liƙin ne ya gagare ka? In hannunka ya fara rawa ka faɗa, in kira mai walda daga waje ya ɗana masa wuta, a wuce wurin."

Maganar nan ita ta ɗaure shi a ɗakin. Shugaban yana da nasa makullin. Ya zama Mai Dalma ke riga mai shara zuwa, shi ke tashi bayan kowa ya watse. Asabar da Lahadi ma sai ya zo ya zauna, ba aikin fari ba na baƙi, shi da Ɗan Matsi suna kallon juna. Mai Gilashi, wanda shi kaɗai ya faɗa wa gaskiya, ya ce to ya ɗauke shi ya kai gida mana. Mai Dalma ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya kai wannan abu gidan da take kwana? Allah ya kiyaye!

A gida kuwa Manaja ta bar zuwa shago. An kawo mata tukunyar iska da ɗan bututu a hanci, tana zaune an tokare ta da matasai, maƙwabta na kawo mata karyayyun tabarau tana gyarawa a kan cinya don kada zaman ya kashe ta. Gwaggo ta tare shi a bakin ƙofa.

"Wai kai wane irin uba ne? Yarinya na nan tana ƙirga numfashi, kai kana can kana gadin katako. Ko an ce maka kwalejin za ta ba ka wata 'yar?"

Me zai ce? Ya ce mata ai gadin 'yar yake yi? Wata safiya yana sa takalmi Manaja ta kira shi daga ɗaki.

"Baba, yau dai zauna mana. Kwalejin ba za ta rushe ba."

"Akwai aikin da ban gama ba, Manaja."

"Wannan aiki naka ai ya fi goyon ciki daɗewa. Ko in zo in duba maka inda ya karkace?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Ya tsaya riƙe da ƙofa har tarin ya lafa, zuciyarsa kamar ta tsage. Yana son zama, Allah ya sani yana so. Amma ya tuna Litinin ce, ranar da shugaban sashe ke zagaye. Ya ce mata zai dawo da wuri, ya ja ƙofar.

Ranar da Farfesa ta aiko a kira shi ofis, sai da ya sa Mai Gilashi ya rantse ba zai ɗaga daga ɗakin ba. Ya hau bene yana shirya sabuwar ƙarya, sai ya tarar ba faɗa za ta yi ba. Ta ba shi kujera, ta rufe ƙofa.

"Baba, sai jiya na ji labarin 'yarka. Na zo na tsaya a gabanka ina ta zuba, ban san abin da nake takawa ba. Ka yafe ni. Ka bar aikin nan, zan sa wani ya ƙarasa, kai ka tafi gida."

Kirkin nan ya fi masa zagi ciwo. Ya ce a'a, ranki ya daɗe, a'a, shi ya fara shi zai gama, a dai ƙara masa lokaci. Ta ce to, har ranar buɗe zauren.

Ya sauko da sauri. Yana shiga ɗakin ya ga Manaja zaune a kujerarsa, ƙaramar tukunyar iskarta a gefen ƙafa, goshinta duk gumi. Daga ganin likita take, Gwaggo ta tsaya layin karɓar magani, ita kuma ta lallaɓo. Idonta na kan Ɗan Matsi.

"To, ga mutumin," ta ce. "Kyakkyawa ne kuwa, ɗan banza. Baba, wannan karon ban ga inda ya karkace ba."

Shi ba ta yabon yake ba. Idonsa ya tafi kan tsumman, ya ga suna nan a ɗaure, sannan numfashinsa ya dawo. Ya hau faɗa, wa ya ce ta sauko matakala, wa ya ce ta shigo cikin hayaƙi, ya harari Mai Gilashi wanda ya duƙufa kan wutarsa kamar bai taɓa ganin kwalba ba. Ya kama ta ya hau da ita a hankali. A saman matakala ta tsaya ta huta, ta ce, "Na gan shi, ya gan ni, ba wanda ya faɗi. Yanzu sai ka riƙa dawowa da wuri."

Bai dawo da wuri ba. Jikin nata ya yi ta baya, ƙafafu suka kumbura, magana ta koma guntu-guntu. Duk lokacin da ta ƙara tsananta sai ya ƙara kafewa a ɗakin, yana ganin in haka take gadoji a buɗe, ina ga an rufe su. Har aka kwantar da ita a asibitin kwalejin, tafiyar da ba ta kai komai ba daga ɗakin aikin. Sai ya je da sassarfa, ya tsaya a kanta ya riƙe hannunta, hankalinsa na can kan makullin shugaban sashe, ya ce yanzu zai dawo. Ta rasu da rana tsaka, Gwaggo na riƙe da kanta. Shi yana zaune a kujerarsa ya zuba wa tsumma ido, yana ganin yana riƙe da ranta.

Bayan mutane sun ɗauke ƙafa daga gidan, ya koma aiki. Bai gaisa da kowa ba. Ya ɗora ƙarfen liƙi, ya ɗauki almakashi ya yanke tsumman gadar farko, ya ja ya yar.

A haɗe take. Ya yanke na biyu, ita ma a haɗe. Liƙi siriri, tsaf, ba ɗigon dalma ko ɗaya da ya zubo. Ya kai fuskarsa kusa. Ba sai an faɗa masa hannun wa ba ne.

Mai Gilashi ya kashe wutarsa, hawaye na bin gemunsa. "Ni na faɗa mata. Na je duba ta, ta tsare ni da tambaya, ka san halinta. Ranar da Farfesa ta kira ka ta yi shi, ina tsaye. Ta mayar da tsumman da kanta. Ta ce a bari ta yi kwanaki tana nan da ranta, sannan in kwance maka, ka gani da idonka ba komai ba ne, ka dawo gida."

"To me ya hana ka?"

"Jikin ya tashi, ɗan'uwa. Na ce in na nuna maka yanzu za ka ce shi ne. Na je na same ta, ita ma ta ce a jira ta ɗan ji sauƙi. Muka yi ta jiran ranar sauƙin."

Mai Dalma ya zauna. Ƙarfen liƙi na ta hayaƙi a gefensa ba wanda ya kula. Can ya ce, da wata murya da abokinsa bai san shi da ita ba, "Jikin nata, kafin ta haɗa ya fara tashi, ko bayan ta haɗa?"

Mai Gilashi ya ce wallahi ba zai iya tunawa ba.

An kafa Ɗan Matsi a bakin sabon zauren, yana nan har yau, ɗalibai na rataya jakunkuna a ƙafarsa, masu wucewa na ɗan taɓa wutsiyar don su ga ta yi lilo. Farfesa ta zaunar da Mai Dalma ta yi masa bayani da duk tausayin da take da shi, cewa ciwon yana da hanyarsa, ya bi ta kamar yadda ya bi da uwarta, ba ruwan tagulla. Ya gyaɗa kai, ya ce ya sani, kuma da gaske ya sani. Bai ƙara kama ƙarfen liƙi ba. Ya ƙarasa 'yan shekarun da suka rage masa yana goge tsofaffin ayyukansa, sannan ya ajiye aiki ya koma gida, gidan da yanzu yake da lokacin zama a ciki daga safe har dare.

Tambayar dai ba ta bar shi ba. Ya yi wa likitan da ya duba Manaja wannan tambaya, ya yi wa mai tasin da ke kai su asibiti, ya yi wa maƙwabciyar da ta kawo tabarau a satin. In aka ce masa ai tun kafin ranar ta fara kumburi, sai ya yini bai ci abinci ba, don ke nan banza ya tsare, ya bar 'yarsa ita kaɗai. In wani ya ce shi dai ya gan ta garau a ranar, sai ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, abin da yake tunani a ciki kuwa ba ya faɗuwa. Yanzu ya tsufa, Gwaggo ta fi shi tsufa, su biyu suka rage a gidan. Kwanan baya suna zaune ya sake ɗauko ta, a hankali, kamar yau ya fara.

"Yaya, ranar da kuka je ganin likita, da safe, da kika sa mata takalmi, ƙafar ta shiga ko ba ta shiga ba?"

Gwaggo ta ajiye abin da ke hannunta. Ta gaji da tambayar, ta gaji da tausayinsa, ta gaji da ɓoye abin da ta daɗe tana ɓoyewa.

"Ni ban san ta takalmi ba," ta ce. "Abin da na sani, tun daga ranar nan har aka kai ta asibiti, kullum la'asar ta yi sai ta sa in juya mata kujera ta fuskanci ƙofa."